Rabin Harshe

Wannan makon ni aka ba fili, kuma zan taɓo abin da kusan kowa a cikinmu ya taɓa rubutawa ko yake shirin rubutawa, wato faɗuwar mahaifi.

Kun san yadda take zuwa a littattafanmu. A kawo wa Alhaji labarin 'yarsa ta gudu ana saura kwana uku ɗaurin aure, ko kayansa sun ƙone a kasuwa, sai ya dafe ƙirji ya yanke jiki ya faɗi. A kwashe shi sai asibiti. Iyali su yi ta safa da marwa a baranda, can likita ya fito yana share gumi, ya cire tabarau, ya ce jininsa ne ya hau, ɓarin jikinsa ya shanye, sai dai a yi ta addu'a. Shi ke nan, Alhaji ya koma keken guragu har ranar da 'yar za ta dawo neman gafara. Dukkanmu a barandar nan muke tsayawa tare da iyalin, ba mai tura ƙofa ya ga me ake yi a ciki. Ni an shigar da ni ciki ba da shirina ba, saboda babu mai yi wa mahaifina tafinta sai ni.

A Madina ne, bara, mun je Umra. Baba ɗan kasuwa ne, shekarunsa 63, yana fama da hawan jini tun ina firamare. Ya tafi da ni ne don in riƙa ɗaukar masa jaka, in kuma yi masa ɗan Turancin da na tsinto a makaranta. Mun dawo daga Asuba muna shan shayi a masauki, muna jiran motar da za ta kai mu ziyara Ƙuba da Uhudu ƙarfe bakwai, sai wayarsa ta suɓuce daga hannun hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Na ɗaga kai na ga shayi yana gangarowa ta gefen bakinsa bai sani ba. Saboda jiran motar nan idona yana kan agogo, bakwai saura ashirin. Ma'aikacin masaukin ya kira 997, motar asibiti ta zo.

Tambayar farko da likita ya yi mini, kafin ma sunan Baba, ita ce ƙarfe nawa na gan shi lafiya lau na ƙarshe. Likitan Basudane ne, har ya ce wa Baba "sannu" da Hausa, ya ce unguwarsu akwai Hausawa. Da na ce bakwai saura ashirin ba tare da inda-inda ba, sai na ga ɗakin ya canja tafiya, kowa ya ƙara sauri.

Ga dalili. Mu suna ɗaya muke kira, shanyewar ɓarin jiki, amma ciwo biyu ne masu kama da juna a ido. Ɗaya gudan jini ne yake toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ɗaya kuma jijiyar ce take fashewa jini ya zuba. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Nijeriya da Gana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna ciki, ya nuna a 2018 cewa a wajenmu kusan kashi biyu cikin uku toshewa ne, kashi ɗaya fashewa. Ba a bambance su sai da hoton ƙwaƙwalwa. Idan toshewa ce, akwai maganin da ake sawa ta jijiya ya narkar da gudan, sunansa alteplase. Idan fashewa ce ka ba shi, ka ƙara wa wuta fetur. Gwajin da ya tabbatar da amfaninsa ya fito a Amurka a 1995, aka amince da shi a 1996 ga wanda bai wuce awa uku da faɗuwa ba, sannan wani gwaji a Turai a 2008 ya miƙa lokacin zuwa awa huɗu da rabi. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya lissafa a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ne suke mutuwa a kowane minti. Shi ya sa agogo ya riga suna.

Hoto ya nuna babu zubar jini. Likita ya zaunar da ni ya faɗi haɗarin ba ɓoye-ɓoye: a gwajin 1995 ɗin nan, kusan mutum shida cikin ɗari da aka ba maganin sun samu zubar jini a ƙwaƙwalwa. Sai ya ƙara da wani abu da lokacin na ɗauke shi ƙarami, wai wasu kaɗan, tsakanin ɗaya zuwa biyar cikin ɗari, harshensu ko leɓensu yakan kumbura. Na juya wa Baba da Hausa yadda zan iya. Ya dube ni da bakin nan da ya karkace ya ce, "Bisimillahi, a yi."

Umma tana da al'adar zuba magungunan Baba a wata 'yar jakar zif, ita na miƙa musu. Likita ya zazzage ta a kan tire yana neman masu tsinka jini irin su warfarin, bai samu ba. Sai ya ɗaga wani kati ya karanta, lisinopril. Ya tambaya yaushe Baba ya sha na ƙarshe, na ce da asubahin nan. Bai fasa komai ba, domin shan lisinopril ba ya hana a ba mutum alteplase. Ya dai juya ya faɗa wa nas wata magana yana nuna bakinsa da yatsa, ta gyaɗa kai.

Jinin Baba ya kai 196 a sama, kuma ƙa'ida sai ya sauko ƙasa da 185 bisa 110 kafin a fara, don haka aka yi masa allurar saukar da shi. Gadon da kansa ya auna nauyinsa, kilo 78. Lissafin maganin miligiram 0.9 ne a kowane kilo, kada ya wuce 90, nasa ya kama 70. Kashi ɗaya cikin goma aka tura masa cikin minti ɗaya, ragowar aka haɗa da wata na'ura da za ta riƙa ɗiga shi cikin awa guda. Takwas da minti ashirin da biyar aka fara.

Nas ɗin 'yar Filifin ce, ƙarama, ba ta da yawan magana. Kowane minti goma sha biyar sai ta auna jini, ta ce ya ɗaga hannu, ya yi murmushi, sannan ta haska 'yar tocila ta ce ya buɗe baki ya fito da harshe. Ni kuma ina maimaitawa da Hausa. A karo na biyu Baba ya harare ni ya ce, "Wai me yarinyar nan take nema a bakina ne?" Wajen minti talatin da farawa, yatsun hannun hagu suka motsa. Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara da ƙarfi ba, har wani Ba'indiye a gadon gefe ya leƙo.

Ana saura kamar kwata a gama, Baba ya ce, "Harshena ya yi nauyi." Tun safe maganarsa a nauyaye take, amma wannan daban ne, kamar mai magana da tuwo a baki. Na faɗa wa nas. Ta haska.

Ina so in tsaya a kan abin da na gani, don ban taɓa jin an siffanta shi ba. Harshen ya rabu biyu a tsaye, daidai layin nan na tsakiya. Ɓangaren dama yana nan yadda Allah ya yi shi. Ɓangaren hagu, ɓangaren da ya shanye, ya taso sumul yana sheƙi kamar ƙullin fanke da ya kwana, har ya ɗan tura ɗan'uwansa gefe. Ba ja, ba ƙuraje, ba jini. Nas ba ta kira kowa ba tukuna. Hannu ta miƙa ta kashe na'urar da ke ɗiga maganin, ta ɗaga kan gadon, sannan ta danna ƙararrawa.

Ni idona yana kan robar maganin. Na ga yatsu sun fara motsi, ga ragowar nan a rataye, wajen kwata. Da likita ya shigo na tare shi na ce, "Dakta, ragowar fa? Yanzu fa hannun ya fara dawowa." Ya ce, yana sa safar hannu bai ko dube ni ba, "Hannu za mu ci gaba da nemansa gobe. Numfashi yanzu ne."

Bayan kwana biyu, da ƙura ta lafa, na same shi ya zana mini abin a bayan takarda, daga baya kuma na bi na karanta. Alteplase ba shi yake cin gudan jini da kansa ba. Akwai wani sinadari a jininmu da yake kwance yana barci, shi yake tasarwa ya koma plasmin, plasmin kuma ya bi zaren da ya saƙa gudan yana yankawa. Matsalar ita ce almakashin nan ba ya tsayawa a kan zare kaɗai. Yana taɓo wani jerin sinadarai da ƙarshensu yake sakin bradykinin, shi kuma aikinsa ya saki ƙananan jijiyoyi, bangonsu ya yi sako-sako, ruwan jini ya tsattsafo cikin nama. A jiki mai lafiya akwai mai share shi nan da nan, wani sinadari da ake kira ACE. To shi ACE ɗin nan aiki biyu yake yi, yana share bradykinin, yana kuma haɗa sinadarin da ke matse jijiya ya ɗaga jini. Lisinopril da 'yan'uwansa, captopril da enalapril da ramipril, suna sauke hawan jini ne ta hanyar ɗaure ACE. Ka ga ke nan a jikin Baba da safen nan an buɗe famfo, kwata kuma a toshe. Busasshen tarin nan da wasu masu shan lisinopril suke kuka da shi, tushensu ɗaya. Kuma ko ba alteplase, irin wannan kumburi na masu shan magungunan nan ya fi yawa a baƙar fata nesa ba kusa ba, abin da ya kamata a ce mu muka fi kowa saninsa.

Rabin harshe kuwa, an lura kumburin yakan fito ne a ɓangaren da ya shanye, musamman idan toshewar ta taɓa wani lungu na ƙwaƙwalwa da ake kira insula, wanda yake da hannu wajen sarrafa buɗewa da tsukewar jijiyoyi. Na Baba dama ce ta toshe a ka, hagu ta shanye a jiki, hagu ta kumbura a baki.

Bari in ɗan ratse, don masu son tarihi. A Sao Paulo ta Burazil aka gano bradykinin a ƙarshen shekarun 1940, wani masani Rocha e Silva da abokan aikinsa suna gwaji da dafin wata kububuwa da ake kira jararaca. A 1965 ɗalibinsa Sergio Ferreira ya gano cewa a cikin dafin akwai abin da yake ƙara wa bradykinin ƙarfi. Daga wannan zaren aka bi har aka ƙera captopril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981. Wato ƙwayar da dattawanmu suke haɗiya kullum da safe, kakarta dafin maciji ce. Idan wani a cikinku yana neman abin da zai gina gajeren labari a kai, ga shi nan na bar masa kyauta.

Mu koma ɗaki. Cikin 'yan mintuna an yi wa Baba allura uku ta jijiya. Ƙungiyar likitocin zuciya da shanyewar jiki ta Amurka ta jera matakan a jagorarta ta 2018, ta sabunta a 2019: a tsare hanyar numfashi, a tsayar da alteplase, a dakatar da lisinopril da ire-irensa, a ba da methylprednisolone miligiram 125, diphenhydramine 50, da famotidine 20. Abin da ya ba ni mamaki da na fahimta daga baya shi ne, waɗannan ukun an fi saninsu da kumburin borin jini, wanda wani sinadari daban ne yake kawo shi, histamine. A kan bradykinin ƙarfinsu kaɗan ne. Na tambayi likitan, to me ya sa ake bayarwa? Ya ce a tsaye a gaban gado ba ka da hanyar rantsewa cewa babu hannun histamine a ciki, ga su a kusa, ga araha, kuma cutarwarsu kaɗan ce. Akwai masu tunkarar bradykinin kai tsaye: icatibant, miligiram 30 a ƙarƙashin fatar ciki, da wani da ake tacewa daga jinin mutane mai suna C1 esterase inhibitor. Suna da tsada ƙwarai, ba kowane asibiti yake ajiye su ba, kuma hujjar amfaninsu a wannan yanayi yawanci rahoton marasa lafiya ɗaiɗai ne. An aika a ɗauko icatibant ɗin ya zauna a kusa. Allah bai sa an kai ga buɗe shi ba.

Amma duk alluran nan ba su ne zuciyar aikin ba. Zuciyar aikin wani mutum ne dogo da ya shigo da 'yar kura cike da bututu kala-kala, ya tsaya a kan Baba ya harɗe hannu, bai taɓa komai ba. Likitan sa barci ne, su ne gwanayen zura bututun numfashi. Kusan awa guda yana tsaye yana kallon bakin mahaifina kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Duk shawarar tana kan tambaya biyu: ina kumburin yake, kuma da wane sauri yake tafiya. Idan ya tsaya a leɓe da gaban harshe, sau da yawa ana iya jira a sa ido. Idan ya gangara ƙarƙashin harshe, ko ganɗa, ko beli, ko maƙogwaro, musamman idan ya yi haka cikin rabin awa, to gara a zura bututu tun ƙofa tana buɗe. Idan aka yi jinkiri ta rufe, kowace hanya da ta rage jini ne a bakinta, domin mutumin nan yanzu aka gama zuba masa maganin hana jini daskarewa. A bi ta hanci, haɓo zai iya ɓarkewa ya cika maƙoshi. A tsaga wuya, yanka ne a jikin da jininsa ba ya tsayawa. Alteplase kansa ba ya daɗewa, cikin kamar minti biyar rabinsa ya bar jini, amma ɓarnar da ya yi wa daskarewa takan ɗauki awanni kafin ta gyaru. A yi gaggawar sa bututun kuma, an kwantar da dattijo a na'ura, an rufe bakin da ake buƙatar ji don a san ko ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa. Shi ya sa ya tsaya yana kallo. Ban taɓa sanin tsayuwa kawai tana iya zama aiki mai nauyi haka ba.

Ni ina ta kallon lambar nan ta iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa, 97, 98, ina samun natsuwa. Nas ta lura ta ce kada in dogara da ita, ita ce takan faɗi a ƙarshe, bayan hanya ta riga ta ƙuntata. Ta ce in saurari muryarsa, tunda ni na san ta. Idan ta dushe, ko ya kasa haɗiye yawu yana dalala, ko numfashinsa ya fara fito kamar ana busa ta tsukakken bututu, in yi magana. Sai na zama ni ma ina da aiki. Na riƙa sa shi yana faɗin sunayen ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ina kasa kunne.

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zo ya duba launin harshen, don wani lokaci jini ne yake taruwa a cikinsa, musamman ga wanda ya cije shi wajen faɗuwa, kuma wannan maganinsa daban. Na Baba ruwa ne. Ya zura wata siririyar waya mai kyamara a hankali, ya ce maƙogwaro lafiya lau. Amma kumburin bai tsaya ba, ya kama leɓen ƙasa ta hagu, ya fara tsallaka layin tsakiya. Nan aka sa masa adrenaline ta abin shaƙa, suna yi suna kallon awon jini, domin adrenaline yana ɗaga jini, kuma bayan alteplase ana so ya zauna ƙasa da 180 bisa 105 har kwana guda, in ba haka ba jijiya ta fashe a ka. Kowane magani a ɗakin nan yana gyara wani abu yana barazana ga wani.

Wajen ƙarfe goma da rabi dogon nan ya sauke hannunsa ya ce ya daina ƙaruwa. Aka wuce da Baba sashen kulawa ta musamman, kurar bututun tana biye da shi.

A nan ne wani Alhaji abokin tafiyarmu, aminin Baba tun suna samari, ya iso da gorar Zamzam. Ya ce mini, "Ɗana, buɗe bakinsa mu ɗiga masa, a garin Manzo muke." Nas ta tare da hannu. Ko kumburi babu, ba a ba wanda ya samu shanyewar jiki komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa, don ruwan yakan bi ta hanyar iska ya sauka a huhu ya zama wani ciwon. Alhaji ransa ya ɓaci, ni kuma ina tsakiya, ga girmansa ga gaskiyarta. Na ce, "Baffa, a shafa masa a goshi da hannun, in ya so na sha a ajiye masa, ba inda za shi." Ya yi shiru, ya tofa addu'a, ya shafa.

Wahalar da ta fi shafar sana'armu ta zo ne da na kira Umma a Kano. Duk abin da na fahimta da Turanci sai na ga ba ni da shi da Hausa. Na ce harshensa ya kumbura saboda magani. Ta ce, "Borin jini ne? Yana susa?" Na ce ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje. Ta ce, "To maganin ne bai karɓe shi ba?" Na ce ya karɓe shi, har hannu ya motsa. Ta yi jim, sannan ta yi tambayar da na san tana tafe: "Kuskure suka yi ke nan?" Na ce a'a Umma, ba wanda ya yi kuskure. Ƙwayar da yake sha shekara da shekaru daidai ce, ita ta riƙe masa jini. Allurar da aka yi masa daidai ce. Haɗuwarsu ce ta zo da haka. Da na kawo mata misalin famfo da kwata, sai ta ce, "To, yanzu na gane."

Na daɗe ina tunanin tambayar nan tata, saboda irin tambayar da littattafanmu suka koya wa mai karatu ce. A wajenmu idan abu ya lalace a asibiti, dole akwai mugu: kishiya ta sayi nas, ko likita ya yi sakaci, ko an yi asiri. Ba na cewa ba a yi. Amma a ɗakin nan mutum biyar ne, kowa yana yin daidai, kuma mahaifina yana dab da rasa numfashi. A ganina wannan ya fi makircin kishiya tsoratarwa, ya kuma fi wuyar rubutawa, don ba ka da wanda za ka jingina wa laifi mai karatu ya huce a kansa.

Da daddare harshen ya fara saɓa, washegari da yamma ya koma daidai, sai ɗan kaushi. Hoton da aka sake bayan awa 24 bai nuna zubar jini ba. Da aka zo gwajin haɗiya da cokali, nas ɗin nan da kanta ta tambaya ina gorar Alhaji. Kwana shida muka yi. Yanzu Baba yana zuwa kasuwa, yana tafiya ba sanda, sai dai ƙafar tana ɗan ja idan ya gaji, kuma maɓallin wuyan riga yana ba shi aiki. Idan na gan shi yana kokawa da maɓallin nakan tuna kwatan nan da ya rage a roba.

Na san wani zai ce wannan labarin Madina ne, mu nan ina muka ga alteplase? Gaskiya ne asibitocin da suke ba da shi a Nijeriya 'yan kaɗan ne, ga tsada, kuma yawancin mutanenmu sukan isa bayan awa huɗu da rabin ta wuce, an tsaya tofi, an kira mai kyamis ya auna jini, an jira babban wa ya zo ya yanke shawara. Amma mutanenmu suna faɗuwa a Makka da Madina da Alƙahira da Indiya, kuma a gida ma abin yana shigowa sannu a hankali. Akwai ma wani sabon ɗan'uwansa, tenecteplase, da ƙasashe da yawa suke komawa gare shi, wanda allura ɗaya ce cikin daƙiƙu. Shi ma yana kawo kumburin, kuma babu na'urar da nas za ta miƙa hannu ta kashe, ya riga ya shiga gaba ɗaya. Sannan lisinopril yana cikin jakar dattawa da yawa a gidajenmu, kuma shi kaɗai ma yana iya kumbura leɓe ko harshe, ko da an shekara ana shansa lafiya. Kada wani ya karanta wannan ya je ya hana tsohonsa shan magani, hawan jinin da ba a riƙe ba shi ne babban mai kawo faɗuwar tun farko. Wanda dai ya ga leɓe ko harshe ya taso ba dalili, asibiti za a nufa a lokacin, da jakar maganin a hannu.

A takardar sallama an sauya wa Baba magani zuwa amlodipine, an kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada ya sake shan lisinopril ko wani na danginsa har abada. Wata uku da dawowarmu maganinsa ya ƙare, ya aiki yaron shago wani kyamis a unguwa. Aka ce babu irin nasa, ga wani, duk na hawan jini ne, aikinsu ɗaya. Allah ya sa ina gida. Sunan da ke gaban kwalin da manyan haruffa baƙo ne, amma a ƙasa da ƙananan rubutu an sa enalapril haɗe da wani maganin sa fitsari. Na mayar da shi da kaina.

A daren na yanki kwali daidai aljihu, na rubuta da Turanci a gefe ɗaya yadda likita zai gane. A ɗaya gefen Baba ya karɓi biro ya rubuta da ajami da hannunsa, tunda shi ya fi yarda da shi: sunansa, lambar wayata, ranar da aka yi masa allurar narkar da gudan jini a Madina harshensa ya kumbura, da cewa duk maganin da sunansa ya ƙare da "pril" ba nasa ba ne. Yana cikin aljihun gaban rigarsa, tare da katin shaidar ɗan ƙasa.